Ƙaramin ciki kuma yarinya ta yi ƙuraje a gida: amsa kan rubella

Wa alaikumus salam ƙanwata. Bari in maimaita tambayarki a taƙaice saboda masu karatu. Kin ce kina da ciki wata biyu da 'yan kwanaki, ɗiyar abokiyar zamanki mai shekara 6 ta yi ɗan zazzaɓi da ƙananan ƙuraje da sunka fara daga fuska sunka sauka jiki, kwana ukku sunka baje, ma'aikacin lafiya na unguwarku nan Mabera cikin Sakkwato ya ce kamar rubella ce, wato cutar da wasu ke ce ma ƙyandar Jamus, ke kuma tare kuke wuni da yarinyar har a ɗakinki take kwana wani lokaci. Kina son ki san ko akwai haɗari ga cikin, ko ki je a yi miki allurar rigakafin ƙyanda da rubella da anka yi ma yara, sannan kin ce maigida bai bari an yi ma yaran gidan ba lokacin da masu rigakafi sunka zo.

To ni aikina kenan, ɓangaren masu ciki da haihuwa, kuma ba zan ɓoye miki ba, eh akwai haɗari in har rubella ce da gaske kuma in har jikinki bai da kariya. Amma ki lura da "in har" ɗin nan guda biyu, don su ne komai. Ba a tabbatar rubella ce yarinyar ta yi ba, kuma mafi yawan matan da ake gwadawa a asibitocinmu na Arewa ana samunsu da kariya tun suna yara, sun yi cutar ta wuce ba wanda ya sani. Don haka kada ki zauna kina kuka cikin ɗaki, kada kuma ki ce ai ba komai. Gwajin jini za ki yi, kuma cikin satin nan, ba sai cikin ya yi wata biyar kin fara zuwa awo ba kamar yadda munka saba.

Ki je asibitin da ke da likitan mata, asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo (UDUTH) ko Specialist ko asibitin mata da yara na Maryam Abacha, ki faɗa musu kai tsaye cewa kina da ƙaramin ciki kuma kin zauna da yarinyar da ake zaton ta yi rubella. Don Allah tun daga bakin ƙofa ki gaya ma nas, kada ki je ki shige cikin layin awo ki zauna tsakiyar mata masu ciki awa biyu awa ukku, don in kin ɗauka kina iya ba wata tun kafin ke ki ga komai a jikinki. Ki riƙe ranaku biyu a kanki ko ki rubuta a takarda: ranar da kinka fara ganin al'adarki ta ƙarshe, da ranar da ƙurajen yarinyar sunka fito. Da su likita zai yi lissafi. In ba ki tuna ranar al'adar ba za a yi sikanin a ga satin cikin.

Gwajin abu biyu yake dubawa cikin jini, IgG da IgM. IgG shi ne shaidar tsohuwar kariya, IgM kuma shi ke fitowa in kamuwar sabuwa ce. In anka ɗibi jininki da wuri anka samu IgG akwai, IgM babu, to alhamdulillahi kin taɓa yin ta da can, cikinki na cikin aminci daga wannan ɓangaren, ki koma gida ki ci gaba da shan maganin ƙarin jininki. In duka biyun babu, ma'ana ba ki da kariya kuma ba a ga alamar kamuwa ba tukuna, sai a sake gwajin bayan sati 3 zuwa 4, saboda ƙwayar cutar tana ɗaukar kwana 14 zuwa 21 a jiki kafin ta bayyana. In kuma IgM ya fito, nan ma kada ki yanke hukunci da takardar lab guda ɗaya, IgM yana yin ƙarya wani lokaci musamman ga masu ciki, wasu cututtukan na sa shi ya nuna akwai alhali babu, shi ya sa ake maimaitawa, a duba ko IgG yana hawa tsakanin jini na farko da na biyu, akwai kuma wani gwajin da ke nuna ko kariyar tsohuwa ce ko sabuwa. Dalilin da ya sa nake matsa miki ki yi sauri kenan, in kin bari an yi wata biyu sannan anka gwada anka ga IgG, ba mai iya ce miki na yarinta ne ko na wannan karon ne. Ba kowane lab ke yin gwajin ba, kuma da kuɗi ne, likitan zai nuna miki inda za a kai jinin.

Ita ma yarinyar a gwada ta, wannan ma shi ya fi sauƙi. Kowace ƙaramar hukuma tana da jami'in sa ido kan cututtuka, kuma tsarin da ake bi a Najeriya shi ne duk yaron da ya zo da zazzaɓi da ƙuraje ana ɗibar jininsa a gwada ƙyanda, in ba ita ba ce sai a gwada rubella. Ki ce ma ma'aikacin lafiyar da ya duba ta ya kai rahoto, cikin kwana 28 daga fitowar ƙurajen jinin yana da amfani. Sakamakon yana iya jinkiri, don haka kada ki jira nata kafin ki yi naki.

Abin da ya sa sai an gwada, wallahi ko likitan yara da ya shekara talatin yana aiki ba ya iya rantsuwa da ido kawai cewa wagga rubella ce. Akwai alamomi dai. Ƙyanda tana kwantar da yaro, zazzaɓi mai zafi, tari, majina, ido ja yana ruwa, yaro ya ƙi abinci, ƙurajen su yi kusan sati sannan fata ta riƙa saɓa. Rubella kuwa, wadda wasu ke ce ma ƙyandar Jamus, yaro na yawo da ita yana wasa, jiki ɗumi-ɗumi, ƙuraje ƙanana su fara a fuska su sauka, kwana ukku sun tafi, sai kaluluwa a bayan kunne da ƙeya. A fatarmu baƙa sau da yawa ma ba a ganin jan, sai in an shafa a ji gurji-gurji, uwa ta ce ƙurajen zafi ne, balle da yake lokacin rani zuwa bazara ta fi yawo, lokacin da kowane yaro a Sakkwato ke fama da ƙurajen zafi. Manyan mata kuma ta fi zo musu da ciwon gaɓoɓi, yatsu da wuyan hannu da gwiwa. Kuma kashi 25 zuwa 50 cikin 100 na waɗanda sunka kamu ba su nuna komai sam, amma suna yaɗa ta ta tari da atishawa da numfashi. Mutum na yaɗa ta tun kwana 7 kafin ƙuraje su fito har kwana 7 bayan fitowarsu. Kin ga kenan ko da kin guji yarinyar ranar da kinka ga ƙurajen, an riga an yi sati ana shaƙar iska ɗaya.

A nan zan roƙe ki abu guda, kada wannan magana ta zama fitina tsakaninki da abokiyar zamanki. Na san gidajenmu, da an ce ɗiyar wance ce ta kawo ciwo sai a fara kallon-kallo, a ce da gangan ne ko an yi wani abu. Yarinya a makaranta ko islamiyya ta kwaso, ita ma uwar ba ta san komai ba, kuma in tana shekarun haihuwa ita ma gwajin ya kamace ta, don mai yiwuwa tana da ƙaramin cikin da ba ta faɗa ba.

Yanzu abin da cutar ke yi ma ciki. Wata ukkun farko shi ne lokacin da ake halittar sassan jikin ɗa, zuciya tana rabuwa ɗaki-ɗaki, ƙwayar ido tana haɗuwa, can cikin kunne inda ji yake yana ƙulluwa, ƙwaƙwalwa tana tsiro. Kamar ɗanyar tukunya ce a hannun maginiya, in yatsa ya taɓa ta a lokacin shaidar ta zauna kenan, in kuwa an riga an gasa ta ko an taɓa ba abin da zai nuna. Ƙwayar rubella tana bin jinin uwa ta ratsa mabiyiya ta shiga jikin ɗan tayi, ta hana ƙwayoyin halittarsa rarrabuwa yadda ya kamata, ta ɓata ƙananan hanyoyin jini. In uwa ta kamu cikin sati 12 na farko, har kashi 90 cikin 100 ana iya samun illa ga ɗan. Daga nan zuwa sati 16 haɗarin yana sauka sosai, wajen kashi 10 zuwa 20, kuma yawanci kurumta ce kaɗai. Bayan sati 20 da wuya ƙwarai a ga wata nakasa. To ki duba lokacin da haɗarin ya fi yawa, daidai lokacin da mace a wajenmu ke ɓoye cikin ne, kunya ta hana ta faɗa ma ko uwarta, ba ta fara awo ba, wata ma ba ta san ta ɗauka ba, tana zuwa biki da suna da barka tana ɗaukar yaran mutane. Wannan shi ke tayar min da hankali a kan cutar nan.

Illar kuma, wani cikin ɓarewa yake yi, wani a haifi ɗan ba rai. Wanda ya rayu abubuwa ukku sunka fi fitowa: kurumta, wadda ita ta fi yawa kuma ita ce ba a ganewa da wuri sai yaro ya shekara biyu ukku bai magana; yanar ido, a ga tsakiyar idon jariri fari; da matsalar zuciya, ko huda ko wata jijiya da ya kamata ta rufe bayan haihuwa ta ƙi rufewa, sai a ga jariri na haki in yana shan nono, yana zufa, ba ya ƙiba. Akwai masu zuwa da ƙaramin kai da jinkirin ƙwaƙwalwa, da hawan jinin ido, da kumburin hanta da saifa, da shawara, da wasu tabo-tabo masu duhu a fata. Wasu kuma sai sun girma ciwon suga ya bayyana. Yara nawa ne a garuruwanmu anka ce aljanu sunka shafe su ko an yi musu baki ko uwar ta tsallaka wani abu da ciki, alhali ƙuraje ne na kwana ukku da ita kanta uwar ba ta tuna ta yi su ba. Ba kowane kurma ko bebe ne rubella ta jawo ba, sanƙarau da ƙyanda da shawarar jarirai da gado duk suna kawo kurumta, amma rubella na cikin manyan dalilan da ake iya toshewa gaba ɗaya.

Su ma likitoci sun daɗe suna raina ta. Sai a 1941 wani likitan ido a Ostireliya, Norman Gregg, ya lura jarirai masu yanar ido sun yi yawa ba kamar yadda aka saba ba, da ya bi diddigi ya tarar iyayen mata sun yi rubella a farkon cikin lokacin wata annoba da anka yi shekarar da ta gabata. Sannan a 1964 zuwa 1965 ta barke a Amurka, mutum miliyan 12.5 sunka kamu, an haifi jarirai wajen 20,000 da nakasar, ciki kimanin 11,000 ya salwanta, jarirai 2,100 sunka rasu bayan haihuwa. Wannan bala'in ne ya sa anka dage har allurar ta fito a 1969. Ƙasashen nahiyar Amurka gaba ɗaya, har da matalautansu, an tabbatar sun kawar da cutar a 2015, kuma ba da wani magani ba, da allurar nan kaɗai.

Don magani kam babu. Babu ƙwaya babu allura babu jiƙo da ke kashe ƙwayar rubella ko ya hana ta isa ga ɗan in ta riga ta shiga. Antibayotik ba ya yi mata komai, kada mai kemis ya haɗa miki su. In zazzaɓi ya zo ki sha farasitamol, ki sha ruwa, ki je asibiti. Kuma don girman Allah kada tsoro ya sa ki sha wani abu don cikin ya fita, na ga matan da sunka kusa rasa ransu da zubar jini a kan abin da ba a ma tabbatar ba. In gwaji ya nuna kin kamu da gaske, zama za a yi da ke da maigida da likita, a riƙa bin cikin da sikanin ana duba zuciya da girman ɗan, a shirya haihuwa a asibitin da ke da likitocin jarirai. Ki sani dai sikanin ba ya ganin kurumta, ko ya nuna komai lafiya sai an duba jaririn bayan ya zo.

Batun a yi miki allurar yanzu, a'a, ba a yi ma mai ciki. Allurar ƙwayar cutar ce mai rai da anka raunana ta, don haka ƙa'ida ita ce mai ciki ba ta karɓa, wadda kuma anka yi ma ta jira wata ɗaya kafin ta ɗauki ciki. Ko da an yi miki yau ma ba za ta gyara abin da ya riga ya faru ba. Amma saboda wata na iya karanta wannan hankalinta ya tashi: in an yi ma mace allurar bisa kuskure sannan ta gano tana da ciki, ba dalilin firgita ba ne kuma ba dalilin taɓa cikin ba ne. A Brazil da wasu ƙasashen Kudancin Amurka da Iran, lokacin manyan gangamin da sunka yi, an yi ma dubban mata allurar ba a san suna da ciki ba, an bi su har sunka haihu, ba a samu jaririn da ya zo da nakasar rubella a cikinsu ba. Hanin na taka-tsantsan ne.

Wata za ta ce ai ni an yi min allurar ƙyanda ina jaririya, ga katina ma. Waccan ta ƙyanda ce zalla, ba rubella a ciki. Wata kuma ta ce ai na yi baƙon dauro ina ƙarama har na kusa mutuwa. Shi ma bai kare ki daga rubella ba, ƙwayoyin cutar daban-daban ne ba su ma haɗa dangi ba. Najeriya ba ta saka rubella cikin rigakafin gwamnati ba sai Oktoban 2025, lokacin da hukumar kula da lafiya a matakin farko ta ƙasa ta yi gangamin allurar ƙyanda da rubella a haɗe ga yara daga wata 9 zuwa shekara 14, kuma Sakkwato na cikin jihohin da anka fara da su. Kafin nan sai mai hali da ya je asibitin kuɗi ya biya anka yi ma ɗansa MMR, wato allurar ƙyanda da hangum da rubella a haɗe. Ma'ana duk macen da ke gidan miji yanzu, in ba irin waɗancan ba ce, kariyarta in tana da ita daga yin cutar ta samo ta, in kuma ba ta taɓa yi ba to a buɗe take. Yanzu an mayar da allurar cikin rigakafin yau da kullum, a wata 9 da kuma wata 15, kyauta a asibitocin gwamnati.

Sai maganar maigida, kuma ina son ki ba shi wannan ya karanta ko ki karanta masa cikin ladabi, ba da sigar ka ga abin da ka jawo ba. Malam, ban ɗauki mutumin da ya hana a yi ma ɗansa allura a matsayin jahili ko mugu ba, yawanci tsoro ne da son ɗan, kuma tsoron yana da asali. Kowa ya san abin da ya faru a Kano a 1996 lokacin annobar sanƙarau da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara, kuma mutane na da gaskiya in sunka ce ga maleriya na kashe yara ba magani kyauta amma allura har gida. Sai dai Trovan sabon magani ne da ake gwaji a lokacin, wagga kuwa an fi shekara 50 ana yin ta a duniya, Saudiyya da Masar da Iran duk suna yi ma 'ya'yansu tun da daɗewa, 'yan matan da anka yi ma sun girma sun yi aure sun hayayyafa har da jikoki. Zancen tana hana haihuwa ba shi da tushe, hasali ma cutar ce ke ɓarar da ciki, allurar ita ke tsare shi. Mai alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar ya daɗe yana kiran iyaye su kai yara rigakafi, ba don bai san darajar zuri'a ba. Abin da allurar kan jawo shi ne ciwon wurin da anka soka, ɗan zazzaɓi ko 'yan ƙuraje bayan sati ɗaya zuwa kwana 12, su wuce da kansu. Guda ɗaya tana ba fiye da kashi 95 cikin 100 kariya mai daɗewa. Wanda ba a yi ma shi ne mai ciki, da wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni ƙwarai, da wanda ke kwance cikin zazzaɓi mai tsanani sai ya warke.

Na san tambayar da ke biyo baya, to in cutar ba ta yi ma yaro komai don me za a soke shi, balle namiji da ba zai yi ciki ba? Saboda shi ke kawo ta gida. Ba daga sama mai ciki ke samunta ba, daga ɗanta ne ko ƙanenta ko ɗan maƙwabta ko almajirin gidan ko mijinta. Allurar da anka yi ma yaro ɗan shekara biyar, ƙanensa da ke ciki take karewa. Ita kuma yarinya 'yar 12 ko 14, a yadda muke aurar da ɗiya da wuri, shekara nawa ya rage ta shiga ɗakinta? Wannan ita ce damarta, kuma ita ce ma ta fi kowa buƙata. In yarinyar ta riga ta yi aure sai a tambaye ta batun al'ada a keɓe kafin a yi mata. Kuma yaran gidanku ana iya yi musu ko kina da ciki, wanda anka yi ma allurar ba ya harbin kowa da ita. Ku kai su asibitin unguwa da katinsu a duba abin da za a cike musu, har ita mai ƙurajen, tunda ba a tabbatar ba kuma ƙyanda na nan tana jira.

Akwai wani abu da ba a cika faɗa ma mutane ba, ni kuma ina ganin ya kamata a faɗa, musamman mu nan da binciken ƙasa ya sha nuna jiharmu can ƙasa wajen rigakafin yara. Rubella cuta ce da yin rigakafinta rabi-da-rabi yana iya zama matsala. Da can kusan kowa na kamuwa yana yaro, ya samu kariya kafin aure. In anka yi ma rabin yara allura anka bar rabi, cutar za ta rage yawo amma ba ta mutu ba, sai yarinyar da ba a yi ma ba ta girma ba ta haɗu da cutar ba kuma ba ta da allura, ranar da za ta haɗu da ita sai ya zamo tana da shekara 19 da ciki wata biyu. Ya faru a ƙasar Girka, sun shekara da shekaru suna yi ma ƙasa da rabin yaransu, a 1993 annoba ta zo ta faɗa kan 'yan mata da matan aure, anka haifi jarirai da dama da nakasar. To tunda an fara a Najeriya, gidan da ya hana 'ya'yansa mata yanzu ya fi jefa su cikin haɗari fiye da da, don maƙwabta sun yi, cutar za ta yi wuyar samu a yarinta. Daga Illela har Tambuwal, daga Wamakko har Sabon Birni, in ba a samu mafi yawan gidaje sun yarda ba, nan da shekara 10 zuwa 15 mu ne za mu gani a ɗakin haihuwa.

Ga masu shirin aure kuma, yanzu an waye ana gwajin jinotayif da HIV da ciwon hanta kafin a ɗaura, to mai hali ya ƙara da IgG na rubella ga amarya, in babu a yi mata allurar aƙalla wata ɗaya kafin tarewa. In gwajin ya yi tsada ko ba a samu ba, ana iya yin allurar kai tsaye in an tabbatar ba ciki, ba ta cutar da wadda ke da kariya tun da. Malaman makarantun firamare da islamiyya mata da ma'aikatan asibiti su sunka fi kowa buƙatar wannan, kullum cikin yara suke.

Ke kuma ƙanwata, in gwaji ya nuna ba ki da kariya kuma Allah ya tsare ba ki kamu ba, ki rage shiga taron yara da gidan da ake ƙuraje har cikin ya wuce sati 20, sannan da kin sauka lafiya a yi miki allurar tun cikin jego, kafin arba'in ma, shayarwa ba ta hanawa, kada ki bari sai wani cikin ya shiga mu dawo gidan jiya. In gwamnati ba ta da ta manya a asibitinku, asibitocin kuɗi na da MMR.

In kuma an tabbatar kin kamu, to a haihu a asibiti kuma a gaya ma likitan jarirai tun ranar. A ɗibi jinin jaririn, a haska idonsa, a saurari zuciya a yi mata hoto, a gwada jinsa ba tare da jiran sai ya isa magana ba, don yaron da anka gano kurumtarsa da wuri anka sa masa na'urar ji ko anka fara koya masa maganar hannu yana yin nisa ƙwarai, yana karatu yana sana'a. Yanar ido ta jariri ba irin ta tsofaffi ba ce da ake cewa a bari ta nuna, cikin watanni biyun farko ake son a cire ta, in an makara ko an yi aikin idon ba ya koyon gani. Kada a ɗiga masa nono ko tozali ko ruwan wani ganye a zauna jira, kuma duk jaririn da anka ga fari a tsakiyar idonsa ko ba batun rubella a kai shi likitan ido cikin satin, don akwai wani ciwon dajin ido na yara da ke fara nunawa haka. Sannan jaririn da anka haifa da rubella yana fitar da ƙwayar cutar ta majina da yawu da fitsari har ya shekara ɗaya, wani ma ya wuce, don haka ranar barka da suna a samu wata babba a gidan ta riƙa faɗa ma mata a hankali cewa mai ƙaramin ciki ko mai zaton tana da shi kada ta ɗauke shi, in an je asibiti ma a faɗa don kada a zaunar da ku kusa da masu awo. Allah ya raba lafiya, in sakamakon ya fito ki turo min abin da anka rubuta a gaban IgG da IgM da ranar da anka ɗibi jinin, sai in yi miki bayaninsa kafin ki koma wajen likitanki.